Fitilar da Ba Ta Mutu Ba

A Agadas na fara nadamar tahowa da Kawu Tanko. Mun sauka daga bayan kamyo, babbar motar kaya, ƙafafuna sun sage, shi kuwa ya kasa miƙewa sam, sai da ni da Nomau muka kama shi ta hammata muka sauke shi kamar buhun gero. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa bai nemi ruwa ba, bai tambayi masauki ba. Jakarsa ta fata ya laluba, don ya tabbata 'yar fitilarsa ba ta lotse ba.

Na ce, "Kawu, mutane na duba ƙashinsu, kai kana duba gwangwani?"

Ya ce, "Ƙashi shina ɗoruwa, Isuhu. Wagga kuwa ta girme ka."

Kawu Tanko wan mahaifiyata ne, shi ya koya mini haƙar rijiya. Wanda ya san ƙasar Dakoro ya san ruwanmu ba ya kusa. Mutum zai yi ta nutsawa gaba bayan gaba har bakin rijiya ya koma masa kamar bakin tulu a sama. A can ƙasa akwai wata muguwar iska marar launi marar wari, wadda ke kwantar da ƙato ba tare da ya ce uffan ba. Maganinta ɗaya muka gada: kafin kowa ya sauka, a kunna fitila a zura ta da igiya. In ta ci gaba da ci, a yi bisimilla a sauka. In ta yi ja ta mutu, a ɗaura reshen ganye a yi ta sama da ƙasa da shi har iska ta sake. Daga Rumbu har Sabon Maci ba a taɓa fitar da gawa daga rijiyar da Kawu ya tsaya a bakinta ba, kuma ba ya gajiya da faɗin haka.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba damina ta yi mana rowa sau biyu a jere. Mai rumbu fayau ba ya kiran mahaƙi. Ana cikin haka wani ɗan kamasho mai suna Bubakar ya zo kasuwar Dakoro yana cewa a Aljeriya ana neman masu haƙa, an rasa. Ni da Nomau, wani abokina ɗan garin Mai Yara, muka ce za mu. Kawu ya ce ƙafarsa ƙafarmu. Na yi faɗa, na yi lallashi, a banza. Matarsa Inna Rakiya ba ta hana shi ba, ta san ba ya hanuwa. Ni ta ja gefe ta ce, "Isuhu, kai ka iya mutane, shi rami kaɗai ya iya. Ka maido mini shi." Wannan magana ita na goya tun daga gida, kuma ta fi jakata nauyi.

A Agadas Bubakar ya karɓe katinmu na shaida, wai jandarma za su buga masa hatimi. Muka zauna a wani zaure muna jiran mota har guzurinmu ya kusa ƙarewa. Kullum sai ya leƙo da sabon rawani ya ce gobe. Nomau mutum ne mai dariya ko a gidan makoki, shi ya laƙaba masa suna Malam Gobe. Ni kam dariya ba ta zo mini ba. Na riga na ga cewa mun zama akuyar da aka ɗaure a kasuwa, sai inda mai igiya ya ja.

Daga baya motar ta samu. Ban iya kwatanta hanyar Tamanrasat ga wanda bai bi ta ba. Ba itace, ba tsuntsu, ba ko kashin raƙumi da zai nuna maka wani ya taɓa wucewa. A tsakiyar wannan fili motar ta lalace, direba da yaransa suka shige ƙarƙashinta, mu kuma muka raɓe a inuwar taya. Ruwan bidon, jarkar da muke sha, ya koma ɗumi yana warin mai. Kawu ya daina magana, leɓensa ya tsage, ni kuwa ina kallonsa ba abin da zan iya yi masa. Can sai ga wasu Buzaye da raƙuma. Wata tsohuwa a cikinsu ta dubi Kawu, ta sa aka durƙusar da taguwa, ta tatso nono a akushi ta riƙe masa kai yana sha. Ba ta jin Hausa, ba mu jin nata. Da za su tashi Kawu ya ciro goro ɗaya da ya bushe ya miƙa mata, ta karɓa da hannu biyu kamar wani abin kirki. Har yau in na ga tsohuwar Buzuwa a kasuwar dabbobi sai na gaishe ta.

Daga Tamanrasat muka yi In Salah, daga nan muka ƙara yin arewa har muka isa wurin aikin, wanda kowa ke kira shantiye. Wani kamfani ne ke fitar da gas daga ƙasa. Akwai tankuna farare masu kama da rumbuna, sai dai kowane ɗaya zai haɗiye unguwa. Can nesa da su akwai wani dogon bututu da wuta ke ci a kansa dare da rana. Kawu ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Wagga wace irin ƙasa ce, ana hura wuta ba tukunya bisa?"

A bakin ƙofa aka tara mu. Wani Nasara mai jar fuska ya yi ta bayani da Faransanci, yana nuna tankuna, yana nuna ƙasa, yana shimfiɗa tafin hannunsa yana tafiyar da shi ƙasa-ƙasa kamar mai kwatanta ruwa. Ya daɗe ƙwarai. Da ya gama muka dubi Bubakar, tun da shi ne tafintanmu.

Bubakar ya ce, "Ya ce ban da taba, ban da ashana, ban da sata."

Nomau ya ce, "Duk wagga doguwar huɗuba, abin da ke cikinta ke nan?"

"Sauran surutun Nasara ne."

Masu gadi suka caje mu, suka kwashe ashana. Ɗaya ya ciro fitilar Kawu, ya girgiza ta ya ji ba mai, ya yi dariya ya mayar masa. Ƙyastun Kawu kuwa, ƙarfe da dutse da 'yar audugar rimi, yana cikin kube na fata a wuyansa tare da layu. Mai gadin ya kai hannu, ya ga layu, ya janye. Ba ɓoyewa Kawu ya yi ba. An ce ashana, shi kuwa bai taɓa yarda da ashana ba a rayuwarsa.

Kwana kaɗan bayan haka Malam Gobe ya ɓace da katunanmu. Ba kati, ba fita. Ko ka fita, jandarman farko da ka gamu da shi zai tsare ka. Muka zauna muna haƙa. Ramukan bututu muke yi, da wasu manyan ramuka masu zurfi a wani kwari da ke ƙasa da tankunan. A nan kam Kawu ya dawo mutum. Ya san yashin da zai rufta tun bai rufta ba, ya san inda za a kafa katako. Shef, wato shugaban aikin, ba ya jin maganarsa, amma in Kawu ya ɗaga hannu kowa sai ya tsaya.

Abinci burodi ne da wata miyar wake ja. Na yi marmarin fura har na riƙa mafarkin ludayi. Da maraice Kawu kan zauna bakin tanti ya fuskanci kudu, ya yi ta lissafa rijiyoyin da ya haƙa da sunayen masu su, wanda ya rasu ya yi masa addu'a. Ni kuwa haushi ke kama ni, in ce masa wa ya aike shi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Mutum ɗaya ya ɗauke mu mutane a wurin, wani Balarabe mai suna Lahdar da ke tuƙa motar ruwa. Ya zauna Agadas yana yaro, yana da guntuwar Hausa irin ta kasuwa. Yakan kawo wa Kawu dabino a aljihu, ya kira shi Baba. Ni aka haɗa da shi, kullum da safe mu hau tudu inda tankin ruwa yake mu cika mota mu sauko wa ma'aikata da shi.

Abin da ya fi damunmu a wurin iska ce. Ba ta hutawa. Ta cika ido da yashi, ta cika burodi, ta mayar da ramin da ka haƙa jiya. Nomau kan ɗaga hannu bayan salla ya ce, "Allah ka ɗaure wagga iska ko na yini guda." Mu ce amin da gaske.

Ranar da aka amsa addu'ar, mun tashi duniya tsit. Sanyi ne mai shiga ƙashi, ko zaren tanti ba ya motsi. Kowa na murna. Na bi Lahdar muka hau tudu, sauran suka gangara kwari da shebur a kafaɗa.

Ina riƙe da tiyo ina cika mota na waiwaya. Daga gindin wani tanki wani farin abu ke fitowa, ba ya tashi sama kamar hayaƙi, kwanciya yake yana malala. Ya bi gangare a hankali, ya shiga kwarin, ya cika ramukanmu, ya bazu bisa yashi. Wallahi kyau ya yi mini. Ya tuna mini da farin hazon da ke kwanciya a fadama da sassafe bayan ruwan dare, har na ji ƙwalla.

Sai na ga mutanenmu suna fitowa daga kwarin da gudu, wasu na tangaɗi. Suka tsaya a gangare suna nuna wani babban rami. Na ƙirga kawuna da ido, ban ga jar hular Nomau ba. Shi ne mai fara sauka kullum. Daga baya aka gaya mini ya sauka, an kira shi bai amsa ba.

Na ga Kawu ya juya ya nufi tanti da sauri irin wanda ban san yana da shi ba. Ya fito da igiya a kafaɗa da gwangwaninsa a hannu. Ya durƙusa a saman gangare, ya zuba man gyaɗan girkinmu, ya ciro ƙyastu. Na san abin da zai yi kamar yadda na san sunana. Mutum ya faɗi a rami, ba a sauka sai an tambayi fitila. Kuma, Allah ya sani, daɗi na ji. Na ce a raina yau Nasara zai ga aikin mutanen Dakoro.

Na taɓa Lahdar, wanda ke ƙarƙashin mota yana ɗaure wani abu, na ce, "Taho ka ga Baba."

Ya fito yana share hannu. Ya ga farin abin, fuskarsa ta sake. Sannan ya ga ɗan hasken da ke hannun Kawu. Ban taɓa jin namiji ya yi irin wannan ƙara ba.

"Baba! A'a! Kashe! Kashe wuta!"

Na ce, "Bari, ai gwada iska za shi yi."

Bai ko dube ni ba. Ya faɗa mota ya danna oda, ya yi ta dannawa. Tsakaninmu da kwarin akwai nisa. Mutum a can bai fi ɗan yatsa ba. Kawu ya ji odar, ya ɗago kai, ya ɗaga mana hannu kamar mai cewa na gani, ina zuwa. Ya ci gaba da gangarawa, tafin hannunsa ɗaya na kare fitilar, ko da yake ba iskar da za ta kashe ta.

A lokacin ne tsoron Lahdar ya shige ni, ban san dalili ba. Na yar da tiyo na fara gudu ina kiran Kawu. Ban yi nisa ba Lahdar ya cim mini ta baya ya kayar da ni, ya danne ni da ƙirjinsa. Na cije shi a hannu, na zage shi da uwa da uba, bai sake ni ba. Kaina kaɗai ke ɗage. Da idona na gani.

Kawu bai ma kai ga farin ba. Da sauran tazara tsakaninsa da shi sai harshen fitilar ya yi tsawo, ya yi shuɗi. Kawu ya tsaya yana dubansa. Sai na ji wani sauti marar ƙarfi, kamar an kaɗa babban bargo, iskar da ke kewaye da shi ta kama. Wutar ba ta yi tsawa ba da farko. Gudu ta yi bisa yashi, ƙasa-ƙasa, kamar gobarar daji a busasshiyar ciyawa, alhali ba ciyawa ko ɗaya a wurin. Ta bi gefen farin tana cinsa. A ƙarshen kwarin akwai inda aka jibge bututu da ganguna da ƙarafan gini, sun cushe. Da wutar ta shiga cikinsu na ga ta birkice, ta ƙara gudu, ta yi fari. Sannan ƙasa ta buge ni a ƙirji. Tun ranar kunnena na hagu bai ƙara jin komai ba.

Nomau ba a same shi da rai ba. Kawu kuwa an same shi a zaune a gangare, rigarsa ta ƙone a jikinsa, igiyar na kafaɗarsa tana hayaƙi. Aka kai shi ɗakin likitan kamfani. Suka naɗe shi da farin ƙyalle har ido kaɗai da baki suka rage. Likitan ya dube ni ya girgiza kai, wannan kam ba ya bukatar tafinta. Na zauna gefensa ina ɗiga masa ruwa da auduga. Mutumin da aka ce in mayar gida ke nan, ko hannunsa ba ni da inda zan riƙe.

Washegari da hantsi ya buɗe ido.

"Isuhu."

"Na'am, Kawu."

"Kun hid da Nomau?"

Na ce an fitar da shi. Ban ƙara komai ba.

Ya ce, "Hitilar ba ta mutu ba, Isuhu. Ka gani ai. Ci ta yi, har ta ƙara. Iskar lahiya lau take." Ya ja numfashi. "To mi ya hwaru?"

Na ci gaba da ɗiga masa ruwa. Kafin la'asar ya cika, da tambayarsa a baki.

Lahdar ne ya warware sabon rawaninsa fari ya ba mu muka yi likkafani. Shi ya tuƙa mu bayan tudu, ni na haƙa kaburburan biyu da hannuna, na kafa musu duwatsu. Bayan mun shafa fatiha na ce masa sai ya gaya mini abin da ya kashe kawuna, ko da Hausarsa ba ta kai ba.

Ya tsuguna yana zane a yashi, inda magana ta ƙare masa ya ƙarasa da hannu. Ya ce gas ɗin da ke cikin tankunan an matse shi ne har ya zama ruwa. In ya sami kafa ya fito sai ya tafasa ya koma iska mai tsananin sanyi, sanyin ne ke sa a ga fari. Ya fi iskar da muke shaƙa nauyi, shi ya sa yake neman gangare da rami kamar ruwa, ya kori iskar kirki. Abin da ya kwantar da Nomau ke nan. Da ana iska da ta watsa shi ya salwance. A tsakiyarsa, inda ya yi kauri, ko wuta ba ta kama shi, don wuta ma sai da iska take ci. A can nesa inda ya tsinke, nan ma ba ya kamawa. Amma a tsakani, inda ya gauraya da iska daidai, ƙyas ɗaya ya isa, kuma wannan wurin ya wuce inda farin ya tsaya, ido ba ya ganinsa. A fili, in ji shi, ƙonewa kawai yake ya wuce. Sai ya sami wurin da kaya suka cushe, ya yi ta karo yana juyawa yana ƙara gauraya, sannan yake zama tsawa.

Na ce, "Abin da Nasaran nan ya faɗa ke nan a bakin ƙofa? Da yana yi da hannu haka?"

Lahdar ya ce, "Shi ne. Ba a gaya muku ba?"

Na tashi na bar wurin, don kada in yi kuka gaban wanda na ciza.

Kamfani ya ce laifin baƙaƙen Nijar ne da suka shigo da wuta. Ba wanda ya tambayi abin da ya sa tankin ya yi yoyo, mu kuma ba mu da bakin tambaya. Aka ba mu wata takarda maimakon katunanmu, aka loda mu a kamyo aka yi kudu da mu. Hanyar da na bi da mutum biyu na biyo ta ni kaɗai. A inda motarmu ta taɓa lalacewa na yi ta dube-dube ko zan ga Buzayen nan, ban ga kowa ba.

Na fara biyawa Mai Yara na gaya wa mutanen Nomau. Sannan na iso Dakoro. Labari ya riga ni, na tarar an yi zaman makoki an tashi. Inna Rakiya na zaune a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata gaisuwar rashi, ta amsa da haƙuri. Ba ta ce mini ina alkawari ba; da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Na ajiye mata kuben ƙyastun, shi kaɗai ya rage. Ta juya shi a hannu.

"An ce muguwar iska ce ta rami."

"Ita ce, Inna."

"Bai kunna hitila ba?"

"Ya kunna."

"To mutuwa ta yi bai lura ba? Idonshi ya hwara rauni, na sani."

"Ba ta mutu ba, Inna."

Ta ajiye faifan. Matar mahaƙi ce tun ƙuruciyarta, ta san dokar fitila kamar yadda ta san dokar alwala. Na buɗe baki in gaya mata zancen tanki da sanyi da gauraya, na ji duk abin da Lahdar ya zana a yashi ya watse mini. Na fara, na tsaya, na sake farawa. Tana kallona har na ƙare.

Ta ce, "Isuhu, in hitila ba ta mutu ba, iska ba ta kashe mutum. Ni ba yarinya ba ce. Ran da ka shirya gaya mini abin da ya kashe mijina, ka san ƙofa."

Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsintar wake. Na koma sau da yawa a shekarun da suka biyo, da gero, da goro, da sabon bayani. Kullum takan karɓi goron ta sa mini albarka. Har ta koma ga Allah tana jiran in faɗa mata gaskiya.